Rake Mai Lamba Bakwai

Ku yi mini afuwa, masu karatu, na yi muku shiru har sati uku. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. Ba a ɗaura ba, 'yar uwa. Abin da nake jira ne ya hana ni sukuni, ko waya na ɗauka zan rubuta sai in ajiye. Yau kuwa na ci abinci har na nemi ƙari, don haka ku gyara zama.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Mastura. A Agege aka haife ni, a gidan da in jirgin ƙasa zai wuce sai kwanukan Mama sun yi ta kaɗawa a kan kanta. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, cututtukan tsirrai nake karanta. Babana, Alhaji Jumare, rake ne sana'arsa. Da baro ya fara, yana ferewa yana sayarwa a bakin titi, yau yana da rumfarsa a kasuwa, yana kuma da gonar haya a wajen Papalanto inda yake noma nasa. Shi kuwa Harouna, wanda duk rigimar a kansa take, bakaniken injin ban ruwa ne, mutumin Matameye ta ƙasar Nijar. Shagonsa yana bakin layin dogo, kusa da masu burodi. Injin gonarmu ne ya lalace shekara biyu da suka wuce, ya gyara, ya biyo Baba gida, aka ce in kawo masa ruwan wanke hannu. Sabulu uku na canza masa baƙin man bai fita ba. Ya ɗago ya ce, "Ki bar wahala, wannan tare aka haife mu." Na yi dariya a gaban Baba. Daga nan ne.

Bara da ya je gida hutun babbar salla, sai ya dawo wa Baba da tsaraba: dami guda na irin raken garinsu, wani siriri mai jan zobe a kowace gaɓa, su suna ce masa Jan Gaɓa. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya sa aka dasa kunya biyu a gefen gona, kusa da nasa. Nasa kuwa ba rake ba ne kawai a wurinsa. Farin Malam ake ce masa a gidanmu, don kakana Malam ne ya raine shi a fadamarsa ta Maƙarfi, kuma har yau daga wurin Kawu Alu, ƙanen Baba da ke riƙe da fadamar, ake aiko mana da iri. Fari ne, mai kauri, mai taushi, ko tsohuwa mai haƙori biyu za ta sha shi. Masu baro sukan yi layi a kansa.

Wata huɗu da dasa kunyoyin Harouna, sai ganyen Farin Malam ya fara wani zane-zane, kore da ruwan ɗorawa a cakuɗe kamar atamfar da ta zuba. Karan ya ƙi kauri, gaɓoɓin suka taƙure. Kafin a ankara rabin gona ya kama. Kunya biyun Harouna kuwa suna nan tsaye shar, kamar ba a gonar suke ba.

Yaya Khamisu, wanda shi ke kula da gonar, ya dawo ranar ko takalmi bai cire ba.

"Baba, shekara goma sha ɗaya muna noma a wurin nan, mun taɓa ganin wannan? Sai da baƙo ya shigo da kayansa."

Na ce, "Yaya, ai nasa lafiya lau yake."

"Shi ne ai! Mai raba cuta ba ya kwanciya. Ke da kike karatun, ƙarya na yi?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Domin bai yi ƙarya ba. Wannan cuta ƙwayar bairos ce ke kawo ta, ƙananan ƙwarin nan darɓa na ɗaukarta daga ganye zuwa ganye, in kuma aka sari irin da ke da ita aka dasa, da ita zai tsiro. Kuma akwai raken da yake ɗauke da ita a jikinsa, ganyensa bai nuna komai ba, yana ta raba wa maƙwabta. Na sani, na rubuta shi a jarrabawa, har maki mai kyau na ci a kansa. Na yi shiru, shirun nan kuwa shi ya kashe ni. Baba ya dube ni ya ce a gaya wa Harouna kada ya sake taka ƙofar gidansa.

Ku fahimce ni, Baba ba mugu ba ne. Bai taɓa cewa ga wanda zan aura ba. Amma a ganinsa mutumin da zai kawo maka iri mai cuta, ko ganganci ne ko sakaci, ba a ba shi amanar 'ya.

A lokacin ne malamata, Dakta Folarin, take shirin gwajin da zan rubuta kundin kammala karatuna a kansa: tantance ire-iren rake, a ga wanne ke jure wa wannan cuta, wanne ke faɗuwa. Iri goma ta tanada. Na shiga ofishinta na ce ina roƙon a ƙara biyu. Ta sauke tabarau ta ce me ya sa. Na fara da bayanin kimiyya, kafin in kai ƙarshe ina kuka ina ba ta labarin Harouna.

Ta miƙo mini hankici ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Na yarda. Amma tunda zuciyarki na ciki, idonki ba abin yarda ba ne. Ni zan dasa, ni zan sa lamba. Ba za ki san wanne ne wanne ba sai an gama."

Ta kuma ce kada in kawo Farin Malam na Papalanto, tunda kowa ya san ya riga ya kamu. A aiko da shi kai tsaye daga Maƙarfi, inda raken Harouna bai taɓa zuwa ba. Kawu Alu ya ɗora mana a motar tumatir. Jan Gaɓa kuma Harouna ya sa aka kawo sabo daga gonarsu, aka biya da shi wurin masu duba tsirrai kamar yadda Dakta ta gindaya, bayan ta wanke shi tas ta waya a kan na farkon da ya shigo da shi a ɗaure cikin buhu.

Da na gaya wa Baba, ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "In takarda ta nuna shi ne, kin haƙura?"

Na ce, "Na haƙura, Baba."

Kada ku tambaye ni ko da gaske nake. Ni ma ban sani ba.

Haka aka jera bokitai sittin a ɗakin raga na makaranta, inda ko sauro ba ya shiga, kowane iri bokiti biyar, daga lamba ɗaya zuwa sha biyu. Karan yana binne a ƙasa, tsiron kuwa duk kamarsu ɗaya, sai ka ce 'yan makaranta a yunifom. Na zagaya na zagaya ko zan gane na Harouna, ban gane ba. Da suka yi ganye huɗu, Dakta ta yanki ɗan guntu daga kowanne ta adana don awo, a san wanda ya zo da cutar tun daga gida. Sannan aka zo aikina. Na samo ganyen da cutar ta cinye, na daka shi a ɗan turmin tangaran da ruwan magani mai sanyi, na tace. Na barbaɗa wa kowane tsiro wani gari mai kaushi kamar yashi don ya ɗan kuje fatar ganyen, na tsoma yatsa a ruwan nan kore na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shafawa. Ina shafawa ina cewa a raina, in kai ne na Harouna ka yafe mini.

Sai jira. Kullum in hau keke zuwa tasha, in shiga motar haya ta danfo, in sauka in sake shiga wata, in isa da ƙurar hanya a hijabi, in ɗauki takarda in bi bokitai ina ba su maki. Kwana goma sha biyu lamba tara ta fara zane. Kafin sati uku ta zama abin tausayi. Sauran suka bi ta, wani kaɗan, wani da yawa. Har aka cika sati shida, biyu ne kawai ko ɗigo ba su nuna ba: lamba uku da lamba bakwai.

Duk tsawon lokacin nan Harouna bai taka layinmu ba. Saƙo kawai, shi ma da sanin Mama. Kun san rubutun mutanen Nijar, sai ka karanta sau biyu.

"Ina wouni Mastoura. Kin tchi abintchi? Kar ki damou, Allah na nan."

Na ce masa, "Idan kuma aka ce naka ne?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar. Can sai ga murya ya aiko: "In nawa ne, sai in je in durƙusa gaban Alhaji in ce ban sani ba. In ya yafe, to. In bai yafe ba, yana da gaskiya, gonarsa ce ta lalace." Na ji haushin wannan amsa, na kwana biyu ban kula shi ba. Ni so nake ya ce zai yi faɗa a kaina.

Ranar Laraba da ta wuce sakamakon awo ya fito, na lambobi zalla babu suna. Dakta ta nuna mini a kwamfutarta. Lamba bakwai fes take, kafin a shafa mata cutar da bayan an shafa, ba a ga komai a jikinta ba. Lamba uku kuwa, wadda ganyenta ke sheƙi kamar an goge shi da mai, cike take da ƙwayar cutar, kuma da ita ta zo tun farko.

Na zauna a kan kujera ba tare da an ce in zauna ba. Tunda raken Harouna bai nuna komai a gona ba, to ɗaya ne cikin biyun nan. Ko bakwai, ko uku.

Na ce, "Ma, don Allah ki gaya mini."

Ta ce, "Sai kin miƙo mini makinki duka da sa hannunki, kada a ce kin gyara wani abu. Ranar Asabar zan turo miki sunayen."

Daga Laraba zuwa Asabar, ni dai na san na rayu, amma ban san yadda aka yi ba. Na sa gishiri a kunu. Na tafi islamiyya da silifas kala biyu.

Ranar Asabar ina tsakar gida ina guga, NEPA sun kawo wuta bayan kwana biyu, kowa a gidan yana rububin caji. Mama na bakin murhu tana soya manja da albasa, za ta yi wake irin na Yarabawa wanda Baba ke so da burodi. Ƙarfe biyu da minti goma wayata ta yi ƙara a kan taga. Na leƙa. Dakta Folarin, takarda guda, da rubutu a ƙasa: "Ga shi. Ki yi bisimilla."

Na kife wayar. Na ci gaba da guga har sai da na ji ƙauri, ashe gyalen Mama na leshi nake ƙonawa.

"Ke! Mastura! Gyalen bikin nawa?" Ta fizge, ta dubi fuskata, sai ta sassauta. "Ya zo, ko?"

Na gyaɗa kai.

"To buɗe mana."

"Mama, in na buɗe ni kaɗai, Yaya zai ce mun haɗa baki da malamar."

Ta juya gyalen, ta sa yatsa a ramin da na yi masa. Ta ce, "Oya, je ki sa kayan kirki. Kada ki je gaban ubanki da fuskar wadda aka riga aka kayar."

Na sa doguwar rigata ruwan toka mai aiki a wuya, na ɗora farin hijabi, na ɗan zizara kwalli don idona ya faɗa. Baba na falo ya dawo daga azahar, yana zaune a kan darduma da rediyonsa a gefe, Yaya Khamisu na kan kujera yana cin gyaɗa. Na yi sallama na durƙusa, na ajiye wayar a gaban Baba.

"Baba, sakamako ya zo. Ban buɗe ba. Ina so Yaya ya karanta."

Na yi musu bayanin uku da bakwai, a hankali, sau biyu. Yaya ya karkaɗe hannu ya ɗauki wayar yana murmushi.

"Uku ce. Ko ba a buɗe ba na sani."

Baba ya kashe rediyo. Mama ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Daidai lokacin jirgi ya taso, gidan ya ɗauki rawa, dole aka jira ya wuce. Ban taɓa sanin jirgin nan yana da tsawo haka ba.

Yaya ya buɗe, ya ja da yatsa, ya matso da wayar kusa da ido.

"Lamba ɗaya... lamba biyu... lamba uku." Ya tsaya. Ya sake dubawa. "Wannan wasu haruffa ne da lambobi."

Na ce, "Irin su na cibiyar bincike ne, Yaya. Haka sunayensu suke."

Ya gangara ƙasa, ya tsaya cak.

Baba ya ce, "Karanta mana, Khamisu."

"Lamba bakwai, Jan Gaɓa, daga Matameye."

Masu karatu, na sha jin ana cewa an sauke wa mutum dutse daga ƙirji, ban san gaskiya ba ne sai ranar. Ban yi ihu ba, ban yi kuka ba. Goshina kawai na ji a kan leda, ina ta alhamdulillahi ban san adadi ba. Mama ta saki guɗa 'yar ƙarama, ta tuna Baba na wurin, ta mayar da ita tari.

Yaya ya ce, "To, ba shi ba ne. Amma daga ina ta zo? Daga sama?"

Nan ne murnata ta tsaya. Domin a sakamakon Laraba na ga wata lamba guda da ta zo da cutar tun daga gida ban da uku, na kuma san yadda ta ƙare a bokiti. Na so in karɓe wayar, amma ya riga ya gani.

"Lamba tara," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Farin Malam, daga Maƙarfi." Ya dube ni. "Me wannan jan rubutun yake nufi?"

Na ce, "Yana nufin da ita ya zo, Yaya. Tun kafin in shafa masa komai."

Ina jin manjan Mama yana ƙonewa a waje, babu wanda ya motsa. Na kasa kallon Baba. Mutumin da in zai ba baƙo raken nan sai ya ce, "Sha ka ji hannun mahaifina." Na yi zaton zai ce takardar ƙarya ce. Na ma shirya jin haka.

Sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya shafa kansa.

"Na gan ta," ya ce.

Yaya ya ce, "Na'am, Baba?"

"Shekara uku ke nan. A kusurwar gabas, wajen rijiya, na ga wannan zanen a 'yan ganyaye. Na ce rashin taki ne. Bara waccan Alu ya ce mini nasa ma ba ya kauri kamar da, na ce masa ƙasa ce ta gaji." Ya juya hular a gwiwarsa. "Da yaron nan ya kawo nasa, abin ya bazu, sai na ji sanyi a raina na samu wanda zan ɗora wa. Ban so a ce na Malam ne ba."

Wallahi sai a lokacin hawaye suka zo mini. Na matsa kusa da shi na ce, "Baba, ba laifin Malam ba ne. Darɓa ce ke kawo ta, ko daga masarar maƙwabta. In ta shiga iri kuma, duk saran da aka dasa da ita yake tafiya, tana ƙaruwa a hankali."

"Yanzu sai a ƙone shi ke nan? A rasa irin gaba ɗaya?"

"Na gona dai sai an tuge. Amma Dakta ta ce akwai dabarar da ake ɗaukar ɗan ƙanƙanin kan tsiro a raine shi a kwalba, wani lokaci yakan fito babu cutar. Yana ɗaukar lokaci, kuma ba kullum ake dacewa ba. Ta ce in ka yarda za ta gwada da Farin Malam."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "A kwalba?"

"A kwalba, Baba."

Ya girgiza kai, har ya ɗan yi murmushi. Na ƙara da cewa shi ma Jan Gaɓa ba a gama da shi ba, gwaji ɗaya a bokiti ba ya isa, sai an kai shi fili an ga yadda zai yi shekara biyu.

Ya ce, "Wannan ai ba sai boko ya gaya mini ba. Ni ma ba na yabon rake sai na ga sara na biyu."

Yaya Khamisu ya ajiye wayar a hankali. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Sai a kira shi ya zo, abi?"

Baba ya mayar da hularsa. "A'a. Ni na kore shi, ni zan je. Ɗauko mini babbar riga. Kai ma tashi, bakinka ya fi nawa tsawo a maganar nan."

Bayan la'asar suka fita, Baba cikin shaddarsa ruwan ƙasa, Yaya a bayansa kamar wanda za a kai wa likitan haƙori. Ina leƙe ta taga, sai Mama ta miƙo mini jaka.

"Waken nan ba ya ciwuwa babu burodi. Je ki sayo. Na bakin layin dogo nake so, mai zafi. Kada ki yi sauri."

Allah ya bar mana iyayenmu mata.

Na tsaya a rumfar Iya mai burodi, na ja hijabi na rufe rabin fuska. Tsakanina da shagon Harouna bai fi taku goma ba. Yana tsugune a kan wani inji ya warwatsa shi, rigar aikinsa shuɗiya ta koma baƙa. Da ya ɗago ya ga Baba, sufana ta faɗi daga hannunsa. Ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɓoye su a baya, ya durƙusa.

Baba ya miƙa masa hannu.

"Alhaji, da mai a hannuna."

"Na gani. Kawo."

Ya kama hannun nan baƙi ƙirin da nasa biyu, ya riƙe. Ya ce, "Harouna, na zalunce ka. Rakenka lafiyarsa ƙalau, nawa ne mai ciwo. Na zo ka yafe mini tun muna da rai."

Harouna ya sunkuyar da kai. "Wallai Alhaji ban riƙe ka ba. Ko ni ne, haka zan yi zato."

Yaya ya yi gyaran murya ya ce, "Oga Harouna, a yi haƙuri. Baki ne." Iyakar abin da ya iya ke nan, kuma ga wanda ya san Yaya Khamisu, wannan huɗuba ce guda.

Iya mai burodi ta zungure ni, ta ce da Yarabanci ko burodi na zo saye ko kallo. Na ce ta ba ni biyu, ta zaɓo a hankali.

Na ji Baba na cewa ƙofarsa a buɗe take, in ya shirya ya turo manyansa. Na dafa teburin Iya. Sannan ya ce akwai wata alfarma: in gwajin fili ya yi kyau, yana son irin Jan Gaɓa mai yawa, wanda zai isa gonar Papalanto har a aika wa Alu.

Harouna ya sosa ƙeya. "Alhaji, wannan kam ba a hannuna yake ba. Raken ba nawa ba ne, na innata ne, Balkissa. Ita ta raine shi tun muna yara. Na farkon ma sai da na yi kwana uku ina roƙo. Amma zan kira ta yanzu in gaya mata komai."

Na dawo gida da burodi ya huce, Mama ta karɓa kamar da zafinsa. Muka ci wake, na ci, na ƙara, har Baba ya ce a bar wa almuru wani abu. Ana gab da kiran magariba ina wanke kwanuka, waya ta yi ƙara.

"Mastoura, albichirinki. A'a, ban sani ba ko albichir ne. Na kira Inna, ashe ba ta gida. Ji wannan."

Murya ce ya turo, daƙiƙa arba'in. Na goge hannu na danna. Ƙarar mota ce ta fara fitowa, da kukan wani jariri, sannan muryar dattijuwa, kakkaura, irin wadda ba ta saba maimaita magana ba.

"Ke ce Mastura? To, ni ce Balkissa. Tun watan jiya labari ya iske ni, wai wata ɗiya a Ikko ta daka cuta a turmi ta shafa wa rakena da hannunta. Shekara talatin ina rainon shi, ko akuya ban bari ta shinshina ba. Na ce sai na zo na gani. Yanzu kuma Harouna ya ce ubanki na son iri. Ko gaɓa guda ba ta fita sai na ga hannun nan da idona. Mun baro Kano tun hantsi. Direba ya ce gobe war haka muna Agege."

Sau shida na saurara. Na kasa gane faɗa take ko wasa. Na kai wa Mama a ɗaki, na sa mata a kunne, ina kallon fuskarta ko zan samu amsa. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye wayar, ta kama hannuwana biyu ta juya su. Duk sun yi kaushi da ƙasar bokiti, ga ƙunar dutsen guga a babban yatsa.

Ta ce, "Wannan za ki nuna mata?"

Ta leƙa tsakar gida ta ƙwala wa maƙwabciyarmu kira.

"Safinatu! Bar abin da kike yi, kwaɓo lalle!"